Bahar Maliya: Me ke Ƙarƙashin Tekun da Kakanninmu Suka Ƙetare?

Uwargida, in an ce Bahar Maliya, abu biyu ne ke zuwa ran yawancinmu: labarin Annabi Musa (AS) da Fir'auna, sai kuma shuɗin ruwan nan da ake hangowa ta tagar jirgi ana dab da sauka Jidda. Samansa kawai muka sani. A ƙarƙashinsa kuwa akwai abin da mutane ke tasowa daga Turai da Asiya su kashe kuɗi masu yawa don su gani, kuma 'ya'yanmu ma sun fara shiga sahu. Yaron da kika tura karatu Alƙahira, ko 'yarki da ke aure a Jidda, wata rana za ki buɗe WhatsApp ki ga hotonsu da tukunya a baya da tabarau a fuska, kifaye sun kewaye su. Kafin gabanki ya faɗi ki ce "ban yarda ka sake shiga ba", yana da kyau ki san abin da ke can ƙasa, ki kuma san abin da ke halaka mutum a ciki da wanda tsoronsa kawai ake ji.

Tekun da kogi ba ya shiga

Bahar Maliya ya miƙe tsawon kusan kilomita 2,250 tsakanin Afirka da ƙasashen Larabawa. Hamada ce hagu da damansa, kuma babu wani kogi da ke zuba a cikinsa duk shekara. Kin san yadda kogin Kaduna ke komawa ja da damina saboda laka? To nan babu mai kawo lakar, shi ya sa ruwan yake garau, har mai nutso kan hango abin da ke nesa da shi mita ashirin ko talatin. Zafin rana kuma yana ƙafar da ruwan, sai gishiri ya yi yawa: kusan giram 40 a kowace lita, alhali sauran tekuna ba su cika wuce 35 ba. Ko da hunturu ruwan ba ya yin sanyin da zai hana shiga.

Ruwa mai ɗumi, mai haske, shi ne abin da murjani ke so. Kin san murjani a wuyan amarya, amma mai yiwuwa ba ki san cewa dabba ce ke gina shi ba. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu taushi, kowace na fitar da farar ƙasa mai tauri ta zauna a ciki. Idan ta mutu wata ta ɗora a kan nata, a haka shekaru dubbai har ya zama tsauni a cikin ruwa. Jan murjanin ado, galibi daga Bahar Rum ake samo shi. Na Bahar Maliya shi ne mai gina gari: wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwa. A cikin lungunansa nau'in kifi fiye da 1,000 ke rayuwa, wasunsu ba a samun su ko'ina a duniya sai nan.

Gaɓar Sudan, hanyar alhazan ƙasa

Mu fara daga inda muke da tarihi. Kafin jirgin sama, alhazanmu da ƙafa da raƙumi suke ratsa Chadi da Sudan, wasu su yi shekaru a hanya, har su isa Sawakin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Da yawa ba su koma gida ba, jikokinsu na nan a Sudan suna jin Hausa. Tsohon garin Sawakin kansa da dutsen murjani aka gina shi, wato kakanninmu sun kwana a ɗakunan da halittun teku suka samar da tubalinsu.

Arewa da Sawakin akwai Fot Sudan, kuma kimanin kilomita 25 daga gaɓa akwai Sanganeb, zoben murjani da ya taso daga zurfin teku, da hasumiyar haska wa jirage hanya a kansa. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya tare da yankin Dungonab. Masu nutso na zuwa nan don ganin wani kifin shak mai kai kamar guduma, wanda ke yawo garke-garke. Kusa da nan, a Sha'ab Rumi, wani Bafaranshe mai suna Jacques Cousteau ya kafa gidajen ƙarfe a ƙarƙashin ruwa a 1963, mutanensa suka zauna wata guda a zurfin mita 10, suna ci suna barci a can. Ragowar ginin na nan, murjani ya lulluɓe shi.

A bakin tashar Fot Sudan kuma jirgin Italiya mai suna Umbria ne kwance. A watan Yunin 1940, da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙansa suka nutsar da shi da gangan don kada Birtaniya ta ƙwace bama-bamai kusan 360,000 da ya ɗauko. Har yau suna cikinsa, kifaye na kai-komo a kansu.

Sai dai gaskiya ɗaya: tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, wannan gaɓa ba wurin yawon buɗe ido ba ce. Fot Sudan ma ta sha harin jirage marasa matuƙi a 2025. Allah ya kawo wa 'yan uwanmu na can zaman lafiya. Wanda ke son ganin Bahar Maliya a yanzu, gaɓar Masar ya kamata ya nufa.

Gaɓar Masar

A kudancin gaɓar, kusa da garin Marsa Alam, akwai wani lungun teku da ake kira Abu Dabbab. Ƙasansa ciyawa ce shimfiɗe, manyan kunkurayen ruwa na kiwo a kai ba ruwansu da mutane. Mai sa'a kan haɗu da wata dabba 'yar uwar ayun nan namu na kogin Binuwai da Kwara. Ciyawa take ci, tana tasowa sama ta shaƙi iska, tana ɗaukar ciki fiye da shekara, ta haifi ɗa guda ta shayar da shi sama da shekara yana manne da gefenta. Saboda wannan jinkirin haihuwa ne yawansu ke raguwa da zarar raga ko injin jirgi ya kashe uwa ɗaya.

Can arewa, a ƙarshen tsibirin Sina kusa da Sharm el-Sheikh, akwai Ras Muhammad, wanda Masar ta mayar gandun da doka ta kare a 1983. A nan murjani ya yi katanga da ta gangara ɗaruruwan mitoci, dubban ƙananan kifaye ruwan lemo na shawagi a jikinta kamar an watsa furanni. A gefe guda kuma akwai abin dariya: wani jirgi mai suna Yolanda ya yi karo a wurin a 1980, kayan da ya ɗauko kuwa masai ne na tangaran da bahon wanka, ga su nan zube kifaye sun mayar da su gida.

Yamma da nan, a zurfin kusan mita 30, jirgin Birtaniya Thistlegorm ne, wanda jiragen yaƙin Jamus suka nutsar a watan Oktoban 1941. Babura da manyan motoci da takalman soja na jere a cikinsa kamar jiya aka loda su.

Ki nuna wa yaranki hoton ɗan kifin nan ruwan lemo mai farin zane da suke gani a katun. Yana zaune ne cikin wata halitta mai kama da fure wadda ke harbin kifayen da suka taɓa ta, amma shi ba ta harbinsa. A gidansu mace ce babba, namiji ne ke gadin ƙwai yana yi musu fifita har su ƙyanƙyashe. Akwai kuma kifi mai baki irin na aku, yana gatsar murjani ya niƙe ya fitar da shi yashi. Wani ɓangare na farin yashin bakin tekun daga cikinsa ya fito.

Ina haɗarin yake?

Kowa shak yake tsoro, kuma ba za a ce ba ya kisa ba: an rasa rayuka a Sharm el-Sheikh a 2010 da Hurgada a 2023. Amma idan aka dubi miliyoyin da ke shiga ruwan nan duk shekara, abin ba ya yawan faruwa. Abin da ya fi cutar da masu nutso shi ne iskar da ke cikin jikinsu.

Ga yadda abin yake. Tukunyar da suke goyo, iska ce irin wadda muke shaƙa aka matse a ciki. Kowace mita 10 da mutum ya nutsa, nauyin ruwa kan ƙara matse shi daidai da nauyin duk iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Iskar da ya shaƙa a zurfin mita 10 za ta ninka girma biyu kafin ya iso sama. Idan ya riƙe numfashi yana tasowa, huhu na iya fashewa. Don haka dokar farko: ba a riƙe numfashi.

Na biyu, a can ƙasa iskar naitirojin na narkewa cikin jini. Ki tuna kwalbar lemo: in kin buɗe a hankali iskar ta fita salin-alin, in kin ɓalle murfin lokaci ɗaya ta yi kumfa. Haka jinin wanda ya taso da gaggawa yake yi, kumfar ta toshe jijiya, ta kawo ciwon gaɓoɓi, shanyewar jiki, ko mutuwa. Shi ya sa ake tasowa a hankali, a tsaya minti uku a zurfin mita 5. Shi ya sa kuma ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa, masu taka-tsantsan ma kwana guda suke bari. Idan ɗanki ya ce zai yi nutso da safe ya biyo jirgin dare zuwa Kano, a nan ne ya dace ki ɗaga murya.

Na uku, zurfi na gusar da hankali. Daga wajen mita 30 naitirojin kan sa mutum ya zama kamar ya bugu. A garin Dahab akwai wani rami a cikin murjani mai zurfin fiye da mita 100, da wata ƙofa a wajen mita 55 da ke ɓullewa teku. Mutane da dama sun mutu suna neman ratsa ta da tukunya ɗaya, alhali iyakar nutson nishaɗi mita 40 ce. A saman wannan ramin kuwa iyalai na iyo lafiya lau kullum. Ruwan ɗaya ne, wanda ya tsaya iyakarsa shi ke komawa gida.

Tambayoyin da za ki yi kafin ki amince

Ki fara da lafiyarsa. Mai sikila ba ya nutso da tukunya, haka mai farfaɗiya. Mai asma ko ciwon zuciya sai likita ya duba shi. Mai juna biyu ba ta yi ko kaɗan. Mai mura ya jira ya warke, don kunnen da ya toshe ba ya jure matsi.

Sai ki tambayi wa zai koya masa. Cibiyar na da lasisi? Malamin na da takardar wata sananniyar ƙungiya irin PADI? Kwas ɗin farko kwana uku ne zuwa huɗu, bayansa babba ba ya wuce mita 18. Yaro ba ya samun takarda sai ya kai shekara 10, kuma ɗan shekara 10 ko 11 iyakarsa mita 12 tare da babba. Ba a nutso shi kaɗai. Ya kuma san inda ɗakin matsin iska na jinyar masu nutso yake, akwai shi a Sharm el-Sheikh da Hurgada. Ya duba jirgin da zai hau da rigunan ceto, ya kuma saurari hasashen yanayi, domin a watan Nuwamban 2024 wani jirgin masu nutso ya kife kusa da Marsa Alam aka yi asarar rayuka.

Ke ma za ki iya gani

Ba sai kin goya tukunya ba. Akwai jirage masu gindin gilashi da za ki zauna da mayafinki da yaranki kuna kallon kifaye a ƙarƙashin ƙafarku. In kina so ki matsa kusa, da rigar ceto da tabarau da ɗan bututun numfashi za ki kwanta a saman ruwa ki leƙa, yawancin launuka ma a nan sama suke, don ja shi ne launin da ke fara ɓacewa in an yi zurfi. Ana sayar da kayan iyo masu rufe jiki daga kai har idon sawu, kuma kina iya neman mace ta jagorance ki.

Sharaɗin shi ne ki hana hannu taɓa komai. Akwai murjanin da ke ƙuna kamar wuta, akwai kifi mai kama da dutse da dafinsa kan kai mutum asibiti. Murjanin ma ya fi mu rauni: wani nau'in santimita ɗaya kacal yake ƙaruwa a shekara, taku ɗaya na iya karya aikin shekara ashirin. Dokar Masar ta hana ɗebo shi a matsayin tsaraba. Ledar da aka jefar kuwa kunkuru kan ɗauka abinci ce ya haɗiye ta.

Ko da tafiya Masar ba ta cikin lissafinki, akwai abin ɗauka a nan. Kowace damina muna jin labarin yaran da kududdufi da rafi suka ci, da kwale-kwalen da ya kife da mata a hanyar kasuwa ba mai rigar ceto. Yaron da aka hana kusantar ruwa yakan je a ɓoye, bai kuma san komai ba. Wanda aka koya wa iyo da ƙa'idojinsa a gaban babba shi ne ke da abin da Hausawa ke cewa iya ruwa fid da kai. Ke fa, uwargida, yaranki sun iya iyo? Wa ya koya musu, kuma a ina?