Gidan Gado da Magajin da Aka Manta

A tsofaffin unguwannin Kano, gidan da ya fi araha sau da yawa gidan gado ne, kuma arahar tana da dalili. Magada na ɗokin raba kuɗi, dillali na ɗokin la'ada, mai saye kuwa na tsoron kada a riga shi. Cikin wannan gaggawa ake mantawa da 'yar mamacin da ke aure a wani gari, ko marayan da bai balaga ba. Rashin halartar ciniki bai zubar da haƙƙinsu ba. Ranar da suka kai ƙara, cinikin na iya rushewa ko da an ɗora bene.

Don haka mai lura ba ya biya sai ya ga takardar rabon gado daga kotu, da sa hannun kowane magaji ko waliyyinsa. Shaidar mai unguwa ba ta wadatar: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sharɗanta amincewar gwamna kafin a sayar da fili mai takardar mallaka ta gwamnati. Binciken fayil a KANGIS kuma shi zai nuna ko an jinginar da gidan a banki. Jinkirin makonni ya fi zaryar kotu ta shekaru sauƙi.