Garin da Katako Ya Tara

A arewacin Romaniya, cikin yankin Maramureș, dab da iyakar Yukren, akwai wani ƙaramin gari a mahaɗar kogin Vaser da kogin Vișeu. 'Yan Romaniya na ce masa Vișeu de Sus, Jamusawa Oberwischau, mutanen Hangare kuma Felsővisó. Kowa da sunan da ya ji a bakin kakarsa, kuma a da duk a kasuwa ɗaya ake jin su.

Daji ne ya tara su. Tun ƙarshen ƙarni na 18 hukumar Ostiriya ta fara kwaso Jamusawa masu saran itace, da yawansu daga yankin Zips na ƙasar Sulobakiya ta yau, suka kafa unguwarsu wadda har yanzu ake kira Țipțerai. Aikinsu ba na rago ba ne. Su sare dogayen itatuwa a kan dutse, su tare ruwan kogi da shinge, su ɗaure gungume da gungume kamar gado, sannan a buɗe ruwa mutum ya tsaya a kai yana tuƙi har gari. Ina yawan tunanin matan da ke jira a gaɓa, suna ƙirga kawunan masu dawowa.

A farkon shekarun 1930 aka shimfiɗa siririn layin dogo mai faɗin milimita 760 a gefen kogin Vaser, aka kawo ɗan jirgin da suke wa laƙabi da Mocănița. Itace yake ci, itace yake ɗauka. Ranar Litinin da asuba ya haura da ma'aikata, kowa da gatarinsa da garin masarar da zai tuƙa mamaliga, tuwonsu ke nan. Sai ƙarshen mako a sauko gida da ƙamshin hayaƙi a riga. Babu hanyar mota a saman kwarin, jirgin ne kaɗai mai kai saƙo da kawo labari.

Yahudawan garin, waɗanda shagunansu suka cika babban titi, an kwashe su zuwa sansanin Auschwitz a watan Mayun 1944, lokacin yankin na hannun Hangare. Jamusawan kuma bayan faɗuwar gwamnatin kwaminisanci a 1989 suka yi ta ƙaura zuwa Jamus, gida bayan gida, aka bar tsofaffi da makullai.

Jirgin dai bai mutu ba. Ambaliyar 2008 ta yage layin a wurare da dama, aka sake gyarawa. Yanzu 'yan yawon buɗe ido ne ke cika taragai, a kai su tashar Paltin su ci gasasshen nama a bakin ruwa, su ɗauki hoto. A hanya direba yakan tsaya ya zura mesa a rafi don injin ya sha ruwa, kamar yadda magabatansa suka yi, tururi na tashi a tsakanin itatuwa.