Karatun Labarin Ƙasa A Jami'a: Yaya Za A Fita A Shekara Huɗu?

Mu da Allah ya ɗora wa nauyin koyar da darasin Labarin Ƙasa a makarantun sakandare, kowace shekara muna sallamar yara, kuma a cikinsu ba a rasa biyu ko uku waɗanda darasin ya shiga ransu har su zaɓe shi a fom ɗin JAMB. Idan Allah ya sa sun sami gurbi sukan zo mana da murna, mu sa musu albarka, iyaye kuma su shiga lissafi da yatsu: bana, baɗi, baɗin baɗaɗa, a ta huɗu yaro ya fito ya kama wa gida. To amma a tsawon shekarun da muka yi muna wannan aiki mun ga waɗanda suka fita a huɗun, mun ga na biyar, mun ga na shida. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne, ba kullum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa yake riga fita ba.

Mu dai ba 'yan jami'a ba ne, difloma muka yi a fannin ilimi muka kama alli. Abin da za mu faɗa a nan mun tsinto shi ne daga bakin tsofaffin ɗalibanmu, da kuma takardun rajista da suke zuwa mana da su lokacin hutu domin mu duba tare.

Da farko sai mu ware abin da ba ya hannun ɗalibi. A shekarar 2020 ƙungiyar malaman jami'a, wato ASUU, ta yi yajin aiki na kusan wata tara, ga kuma annobar korona a kai. A 2022 aka sake wani daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Yaron da ya shiga jami'ar gwamnatin tarayya a 2019 ya yi asarar kimanin wata goma sha bakwai yana zaune a gida ba da laifinsa ba. Wannan babu dabarar da za ta yi maganinsa. Sai dai kash, mun lura yajin aiki ya zama bargon da kowa yake lulluɓa da shi. Yaro zai ƙara shekara guda saboda kwas ɗaya da ya bari a baya, in an tambaye shi a gida ya ce ai yajin aiki ne, alhali abokan shigarsa tuni suna sansanin masu hidimar ƙasa.

To ina gizo yake saƙar? Tun ƙarshen shekarun 1980 jami'o'inmu suke bin tsarin kiredit, wato kowane kwas yana da nauyinsa, wani biyu, wani uku. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sa mafi ƙarancin abin da ɗalibin shekara huɗu zai ci kafin a ba shi digiri shi ne kiredit 120, wanda kuma ya shiga aji biyu kai tsaye da NCE ko difloma ko IJMB, 90 a shekara uku. A kowane zango, ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada ɗalibi ya ɗauki ƙasa da 15, kada kuma ya wuce 24. Waɗannan lambobi su ne iyakokin gonar, amma da yawa daga yaranmu sai sun kai aji uku suke jin labarinsu.

Bari mu kawo misali domin mai karatu ya ga yadda abin yake cin mutum. A ce kwasa-kwasan zangon farko na aji uku sun kai kiredit 20, yaro kuma yana da kwas biyu masu uku-uku da ya faɗi a aji biyu, waɗanda ɗalibai suke kira kari-oba. Dole ya fara sa su a rajista. Ashirin da shida ke nan, ya haura 24, saboda haka tilas ya ajiye wani kwas na aji uku ya tura shi aji huɗu. A aji huɗu kuwa ga kundin bincike yana jira. Bugu da ƙari, kwas ɗin zangon farko ba a koyar da shi a zango na biyu, sai shekara ta zagayo. Wanda ya faɗi kwas mai kiredit biyu kacal a zangon farko na ajin ƙarshe, sai ya jira baɗi, ya sake biyan kuɗin rajista, ya nemi wurin kwana, domin jarrabawar awa biyu. Kuma tun da jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista a 2023, wannan ƙarin shekara ba ƙaramin nauyi ba ne a kan uban da yake da ƙannen yaron a layi.

Darasin Labarin Ƙasa yana da nasa tarkon na musamman, kuma shi ne muka fi so mu daɗe a kai. Yawancin yaran da suke zaɓarsa sun zaɓe shi ne domin suna son labarin duwatsu da koguna da ƙasashen duniya, wasu kuma, mu faɗi gaskiya, domin suna gudun lissafi. Suna isa jami'a sai su tarar lissafin yana zaune a bakin ƙofa yana jiransu. Akwai ƙididdiga, akwai zanen taswira da awon ma'auni, akwai awon ƙasa, akwai fassara hotunan tauraron ɗan'adam da aikin GIS a kwamfuta. Waɗannan kwasa-kwasai kamar tsani suke, ba a taka na sama sai an taka na ƙasa, kuma a wasu sassan ba za a bar ɗalibi ya yi rajistar na gaba ba sai ya ci na baya. Yaron da ya yi wasa da ƙididdigar aji ɗaya, ita ce za ta biyo shi har cikin babi na huɗu na kundinsa. Saboda haka muke gaya wa namu tun suna aji biyar na sakandare cewa duk mai son wannan fanni ya shirya da malamin lissafi, ya kuma daina gudun aikin taswira, wanda su suke gani wahala ce ta jarrabawar WAEC kawai.

Sai fita aikin fili. Wannan ba yawon buɗe ido ba ne, kwas ne mai maki, kuma sau ɗaya ake fita a shekara. Ko an tafi tsaunukan Jos ne, ko madatsar ruwa ta Tiga, ko dajin Falgore, akwai kuɗin mota da na guzuri da sashe zai nema, sau da yawa cikin ɗan gajeren lokaci. Mun san wata yarinya mai hazaƙa cikin ɗalibanmu da ta rasa wannan fita domin gida ba su sami labari da wuri ba, mahaifinta kuma bai ga dalilin da zai sa 'yarsa ta kwana a wani gari ba. Da tun ranar da ta shiga aka zaunar da shi aka yi masa bayani cewa fitar tana cikin karatun, kuma da malamai ake tafiya, da ba a kai ga haka ba. Shekara guda ta ƙara.

Kundin bincike kuwa, a nan ne ɗalibin Labarin Ƙasa ya sha bamban da ɗan'uwansa na Tarihi ko na Hausa. Shi bincikensa yana bin kalandar Ubangiji, ba ta jami'a ba. Ruwan Kano daga Yuni zuwa Satumba yake da ƙarfi, ya fi yawa a Agusta. Wanda zai yi nazarin ambaliya ko zaizayar ƙasa, in damina ta wuce bai auna komai ba, sai wata daminar. Wanda zai yi nazarin noman rani a Kadawa ko Kura, da hunturu zai tarar da manoman a bakin aiki. Tsuntsayen da suke ƙaura daga Turai zuwa dausayin Haɗeja da Nguru su ma da lokacinsu. Yajin aiki kuma ya riga ya karkatar da zangunan karatu, ta yadda ba kowace shekara ce zangon bincike yake faɗawa a kan yanayin da ake bukata ba. Don haka maganar a jira sai an shiga aji huɗu kafin a fara tunanin batu ba ta taso ba. Tun a aji uku ya kamata yaro ya je wa malami da batunsa, ya duba kalanda, ya yi amfani da dogon hutu ya tattara bayanai.

Kuma ya ɗauki batu daidai wuyansa. Marigayi Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, shekaru ya kwashe yana komawa ƙauyukan arewa kafin ya fitar da littafinsa a kan yadda manoma suke jure fari a 1989. Shi shekaru gare shi, ɗalibi kuwa 'yan watanni. Amma sai ka ga yaro ya ce zai yi bincike a kan kwararowar hamada a arewacin Nijeriya baki ɗaya, alhali kuɗin motar Ɗambatta ma sai an yi masa karo-karo. Rijiyoyin unguwarku, ko kasuwar garinku, ko kududdufin bayan gidanku da aka cike aka yi gini a kai, kowannensu ya isa kundi, kuma da ƙafa za ka je.

A nan bari mu ɗan ratse mu yi magana da 'yan'uwa matasan marubuta, domin mun san da yawa cikinsu ɗalibai ne. Iya sarrafa alƙalami baiwa ce da za ta taimake ku a rahoton fili da kundi, amma kada ta ruɗe ku. Malamin da yake duba kundi ba daɗin zance yake nema ba, alƙaluma yake nema da taswira da inda aka samo su. Haka kuma littafin da kuke rubutawa zai iya jiran hutu, jarrabawar ƙididdiga ba za ta jira ba.

Me ya sa muke damuwa da shekara ɗaya tak? Domin yawancin yaranmu ba da wuri suke shiga ba. Wani ya yi allo kafin boko, wani ya zauna WAEC sau biyu, wani sai da ya yi NCE ya koyar tukuna. Dokar hidimar ƙasa kuwa ta ce wanda ya haura shekara 30 a lokacin da ya kammala, takardar yafewa za a ba shi. Ga 'ya mace kuma, an san yadda ake yi: an yi wa miji alkawarin shekara huɗu, in ta biyar ta shigo sai magana ta canja, wata ma a nan karatun yake tsayawa. Ita kanta jami'a ba ta barin mutum ya dawwama, a ƙa'ida shekara shida ce iyaka ga digirin shekara huɗu.

Akwai kuma wani jinkiri da ba ruwansa da aji, wato na takardu. Ba a tura ɗalibi hidimar ƙasa sai sunansa yana cikin jerin waɗanda JAMB ta tabbatar da shigarsu. Wanda ya nemi wani fanni aka ba shi Labarin Ƙasa, ya tabbata an gyara a can, ba a jami'a kaɗai ba. A kowane ƙarshen zango ya je wurin malamin da yake kula da ajinsu ya ga sakamakonsa da idonsa, domin makin da ya ɓata a aji ɗaya ya fi sauƙin nemowa a aji biyu fiye da bayan malamin kwas ɗin ya yi ritaya. Ya kuma ajiye kwafin kowace takardar rajista da rasit. Sunansa ma ya duba shi harafi-harafi: mun ga wanda yake Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a WAEC, Muhammad a JAMB, ranar haihuwa kuma iri biyu. Ya ci duk kwasa-kwasansa a shekara huɗu, amma sai da rukuni biyu na masu hidimar ƙasa suka tafi suka bar shi yana zarya tsakanin kotu da ofisoshi da takardar rantsuwa a hannu.