Akwatin da na kira jabu

Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina sayar da kayan lantarki a Kumasi: soket, waya, ƙwan fitila, caja, tocila. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san babban abokin gabarmu shi ne jabu. Ka sayo katan guda, sunan kamfani raɗau a jiki, ka sayar wa mutum, bayan kwana uku ya dawo maka da shi a ƙone, yana kallonka kamar kai ka ƙera. Shi ya sa duk abin da aka ce mini "kamar na asali yake", nan take nake ja da baya. Da wannan ido na kalli wani ɗan akwati da ɗana ya roƙi in ranta masa kuɗinsa, kuma saura ƙiris wannan kallo ya ɓata tsakanina da yaron.

Ɗana na biyu ne. Tun yana sakandare ya koyi kaɗa jita wajen wani abokinsa Ba'asante mai kiɗan hayilayif. Daga baya wani direban babbar mota ya ba shi waƙoƙin Bombino na Agadas da na Mdou Moctar a katin waya, shi ke nan sai abin ya shiga jininsa. Mu ba mu gaji kiɗa ba, kuma kun san yadda ake kallon makaɗi a Zango. Na yi faɗa, na yi nasiha, daga ƙarshe muka yi yarjejeniya: salla a kan lokaci, shago daga safe zuwa la'asar, sauran lokacin nasa ne.

Matsala ta taso ne ranar da ya sayo amfilifaya na hannu. Jitar lantarki ita kaɗai ba ta da murya, sai an jona ta da akwatin da zai ƙara ƙarfin sautin ya fitar ta lasifika. Nasa tsohon yayi ne, mai kwalabe a ciki masu kama da ƙwan fitila, suna yin ja in sun yi zafi. Irin wannan ba ya ba da muryar da makaɗa ke so sai an murɗa shi sosai. To mu kuwa gidan haya muke, iyali bakwai a tsakar gida ɗaya, ga wata dattijuwa mai hawan jini a ɗakin da ke jikin nasa. Sau biyu mai gidan ya yi mini magana. A na uku ya ce ko amfilifaya ta bar gidan ko mu mu bar shi. Ban tsaya shawara da kowa ba, na sa aka ɗauke ta a aboboya, na kulle a sito, na jefa makulli a aljihu.

Mako uku yaron nan bai ce mini komai ba ban da "ina kwana, Baba" da lissafin ciniki. Uwarsa ta ce, "Alhaji, ka kulle akwati, ka kulle bakin ɗanka." Na ce ta bar ni.

Wata rana da yamma muna rufe shago sai ya ce, "Baba, akwai abin da zai raba wannan rigima, in za ka ranta mini." Ya nuna mini hoto a waya: ɗan akwati da bai kai faranti girma ba, da maɓallan da ake takawa da ƙafa. Ya ce a cikinsa akwai muryar amfilifaya iri-iri, Fender da Marshall da Vox, kuma da abin sawa a kunne ake saurare, ko wanda ke kwance kusa da kai ba zai ji ba. Na ce, "Wato jabun Marshall za ka saya da kuɗina?"

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Baba, jabu shi ne wanda ya saci suna ya ce shi ne na asali. Wannan bai ce shi Marshall ne ba, ya ce kwaikwayon muryarsa yake yi, kuma a kan haka ake sayar da shi." Maganar ta tsaya mini a rai, don ni ma haka nake bambance kaya a shago. Mai rahusa da ya faɗi sunansa ina sayarwa. Wanda ya ari sunan wani ne ba na ajiyewa.

Daga baya na zauna na karanta yadda abin yake, ga abin da na fahimta. Sautin jita yana shiga akwatin, a mayar da shi lambobi, sai wata 'yar kwamfuta ta lissafa yadda kwalabe da sauran kayan cikin amfilifaya za su lanƙwasa wannan sauti, ta fitar da sakamakon. Hanya biyu ce. Ko injiniyoyi su bi kayan ciki ɗaya bayan ɗaya su rubuta lissafinsu, ko a tura wa amfilifaya ta gaske wani sautin gwaji, a naɗi abin da ta fitar, na'ura ta koyi halinta daga nan. Akwatin lasifika da makirufon da ake kafa masa ma ana ɗaukar hoton sautinsu a ajiye a ɗan fayil. Kuma abin ba na jiya ba ne. Tun 1998 kamfanin Line 6 na Amurka ya fito da POD, wani jan akwati mai siffar ƙwayar wake. A 2011 kamfanin Kemper na Jamus ya fito da nasa mai koyon muryar amfilifaya. Yanzu har akwai manhaja ta kyauta, Neural Amp Modeler, da ake saukewa a kwamfuta.

Abin da ya fi jan hankalina a matsayin ɗan kasuwa shi ne nauyi. Fender Twin Reverb ta kai kusan kilo 29. Wannan kuwa a jakar goyo ake sa shi, a hau turoturo. Babu kuɗin dako, babu kwalbar da za ta fashe a ramin hanya, babu neman wadda za a musanya ta da ita in ta mutu. Na ranta masa, muka rubuta a littafin bashi kamar kowa.

Ɗakinsa ya koma wurin naɗar sauti ba tare da kowa ya sani ba. Jita ta shiga akwati, akwati ya shiga kwamfutar cinya ta wayar USB. Kukan akuya, dakan fufu, hayaniyar yara, babu wanda ke shiga naɗin, tunda babu makirufo a buɗe. Da ya gwada manhajar kwamfuta maimakon akwatin sai ya ci karo da jinkiri: ya taɓa tsirkiya, sauti ya biyo baya, hannu ya rikice. Ashe kwamfuta tana tara sauti ne kashi-kashi kafin ta sarrafa. Ya rage adadin daga 1024 zuwa 128, jinkirin wannan mataki ya sauko daga wajen kashi 21 cikin dubu na daƙiƙa zuwa ƙasa da 3. Ya ce mini wannan bai wuce ka tsaya mita ɗaya daga lasifika ba. Wata dabarar da ta burge ni, yana naɗar sautin jitar tsurarsa, in ya so gobe ya sauya masa amfilifaya ba tare da ya sake kaɗawa ba.

Sai dai gani ya kori ji, kuma ranar gani ba ta yi mana daɗi ba. An gayyace su kiɗan biki a Aboabo, karo na farko da zai hau dandali da akwatin. Na je na tsaya can baya, ban gaya masa ba. Suka jona akwatin kai tsaye da miksar mai lasifikan haya. Waƙar farko, muryar jitar ta fito tsiit, tana sukar kunne kamar ana goga ƙarfe. Ya yi ta waige-waige, ashe ba ya jin kansa sam, don lasifikan duka jama'a suke fuskanta, ga mai ganga a bayansa. A tsakiyar waƙa ta uku aka ɗauke wuta. Da aka tada janareta, sai da akwatin ya ɗauki wasu daƙiƙoƙi yana farfaɗowa, ya kuma koma kan wata murya daban mai ƙara kamar tsawa. Mata suka toshe kunne, wasu samari suka kwashe da dariya. Na ga kafaɗun ɗana sun faɗi.

Da daddare ya shigo yana jiran in ce "ai na faɗa maka". Wallahi maganar ta zo har bakina. Amma na tuna ranar da na fara tsayawa shago ni kaɗai, na ba da canji ya wuce, maigidana bai kore ni ba, ya zaunar da ni muka sake lissafi. Sai na ce, "Kawo takarda, me da me ya lalace?"

Muka jera su. Na farko, muryar da ya daidaita a hankali cikin abin kunne ba ita ce za ta fito a manyan lasifika ba, don kunnen mutum ya fi jin kaifi da ruri idan sauti ya yi ƙarfi. Dole a daidaita da ƙarfin da za a yi wasa da shi, a rage kaifin sama. Na biyu, yana bukatar 'yar lasifika a gabansa mai fuskantarsa. Na uku, kada ya tara muryoyi hamsin, uku sun isa, kuma ya sa ta farko ta zama mai laushi don ko an ɗauke wuta. Na huɗu fannina ne. Wutar janareta hawa da sauka take yi, kuma na sha ganin abin da take yi wa caja. Na ɗauko masa ƙaramin UPS daga shago, da adafta ta biyu mai ƙarfin da ya dace, na ce kada ya kuskura ya ari ta wani don kawai bakinta ya shiga. Na biyar, ya isa wurin da wuri ya gaisa da mai miksa, su gwada tare, don muryarsa gaba ɗaya a hannun mutumin take.

Washegari na buɗe sito na ba shi makulli. Can a bayan shago, bayan an tashi kasuwa, ya riƙa jona akwatin da wata lasifikar aro yana murɗawa yadda yake so. Wani dare ya kaɗa mini abu ɗaya sau biyu, da tsohuwar amfilifaya da kuma akwatin, na juya baya ina saurare. Na ce ta biyu ce ta asali. Ashe akwatin ne. Shi dai ya ce a yatsunsa yana jin bambanci, tsohuwar tana tura iska a ƙafarsa, kuma ba zai sayar da ita ba. Ban yi musu ba, ba ni ke kaɗawa ba.

'Yan uwa da ke zaune a gidajen haya a Akara, Lome, Duwala ko Yamai, in yaronku ya zo da irin wannan magana, ku tambaye shi abu uku kafin ku fitar da kuɗi: da me zai saurara a gida, da me zai ji kansa a dandali, kuma me zai yi in an ɗauke wuta. In ya amsa, ya san abin da yake yi. Nawa ya gama biyan bashinsa a wata takwas, na soke sunansa a littafi a gabansa.

Kwanakin baya dattijuwar nan ta tare ni a bakin famfo. Ta ce, "Alhaji, yaron nan ya bar kiɗan ne? Kada dai a ce saboda ni." Na ce mata, "Hajiya, jiya ma sai ƙarfe ɗayan dare ya ajiye jitar." Ta riƙe baki. Da yamma ya kai mata abin kunnen har ɗaki, ta saurari waƙa guda, ta ce ya ƙara mata wata.