Wasiƙa daga Landan: Waƙa a ɗakin allura

Landan, watan Disamba

Zuwa ga Yayata,

Hunturu ya kankama, kafin ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu. Da fitilun titi nake fita aikin safe, da su nake dawowa.

Kin ce in ba ki labarin abin da na gani a ɗakin yara na nan, amma kada in cika ki da zancen na'urorin da kin san ba za a saya muku ba. To, ga wanda ba sai an rubuta wa ma'aikatar lafiya takardar neman kuɗi ba: yadda ake rarrashin yaro da waƙa idan za a soka masa allura.

In za a sa wa yaro kanula ko a ɗebi jininsa, kuma ba gaggawa ake ba, sai a shafa masa man kashe zafi a bayan hannu, a manna filasta, a jira kusan awa ɗaya. Ba a kwantar da shi a kan gado. A cinyar uwarsa yake zama, ƙirji da ƙirji, hannun da za a yi aikin ya leƙo ta ƙarƙashin hammatarta, fuskarsa na kallon ɗaya ɓangaren. A can ɓangaren ma'aikaciyar wasa take durƙusawa, kuma tun da farko ta riga ta tambayi uwar waƙar da ake yi masa a gida.

Wasu ranakun mai jinya da kiɗa kan shigo. Kada ki ɗauka maroƙiya ce aka ɗauko. Sai ta yi digiri na biyu a fannin, kuma hukumar HCPC da ke yi wa masu gashin ƙashi rajista ita ke yi mata. Tun 1999 doka ta san da sana'ar a ƙasar nan. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Paul Nordoff, makaɗin fiyano ɗan Amurka, da Clive Robbins, malamin yara masu naƙasa, da suka fara aiki tare a nan Ingila a 1959.

Na tsaya na lura da aikinta a kan wata yarinya 'yar shekara biyu da za mu wanke wa ƙuna a ƙafa. Yarinyar na tsala kuka tun kafin a taɓa bandejin. Matar ba ta fara da taushi ba. Da sauri ta fara kaɗa jitarta, daidai da yadda yarinyar ke sheshsheka, har sai da ta waigo don ganin wane ne ke bin ta. Daga nan ta riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan, muryarta na sauka, numfashin yarinyar na biye da ita. Ina kallon lambar bugun zuciya a allon na'ura tana raguwa. Da muka zo ɓanɓaro inda ya manne, yarinyar ta ƙwalla ƙara, kiɗan ya tashi da ita, ya sake saukowa da ita. Ta yi kuka, amma ba sai da mutum uku suka danne ta ba, kuma washegari da ta gan ni ba ta ruga bayan uwarta ba.

Ba a ka suke yin abin ba, sun gwada. A asibitin yara na Great Ormond Street, wanda aka buɗe tun 1852, an yi wa yara 37 masu ciwon zuciya ko na numfashi waƙar raino, aka kwatanta da karanta musu labari da kuma barin su shiru. Waƙar ce ta fi sauke bugun zuciya da alamun raɗaɗi. A Edmonton ta Kanada, a wani bincike da aka wallafa a 2013, an raba yara 42 masu shekara 3 zuwa 11 gida biyu lokacin sa kanula. Kashi 76 cikin ɗari na ma'aikatan da suka yi aikin da kiɗa sun ce ya zo musu da sauƙi ƙwarai, a ɗaya ɓangaren kashi 38 ne kawai. Ke da kika sha neman jijiya a hannun yaron da ke fizge-fizge kin san ma'anar wannan. A shekarar dai, Joanne Loewy ta New York ta wallafa binciken bakwaini 272 a asibitoci 11. Sun yi amfani da wani ɗan akwatin katako da ake bugawa da yatsa kamar bugun zuciyar uwa, da faifai mai ƙwayoyin ƙarfe a ciki da ke kwaikwayon sautin cikin mahaifa, da waƙar da iyaye suka zaɓa da kansu. Bugun zuciyar jariran ya daidaita, tsotsonsu ya ƙaru, iyayen ma hankalinsu ya ɗan kwanta.

Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya mini a rai, saboda wata 'yar Zariya da ke kawo ɗanta mai sikila. A nan, kwana biyar da haihuwa ake tsaga diddigen kowane jariri a gwada, don haka tun yana cikin zanen goyo allura ta san shi. Da aka tambaye ta waƙar da take yi masa, sai ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, ga surukarta a zaune. Ma'aikaciyar wasan, Baturiya, ta ɗauka ba ta da waƙa, har ta fara lalubo wata a waya. Na ja ta gefe na yi mata bayanin alkunya, sannan na roƙi Hajiya ko za ta fara. Tsohuwar ta yi dariya, ta matso, ta soma yi masa kirari tana tafa cinya a hankali, tana kiransa maigidanta. Yaron ya zuba mata ido har na gama ɗaure filasta. Babu abin da ke cikin wayar nan da zai yi wannan aikin, don muryar da ya saba ji yake nema.

Na san za ki ce wasu iyayen ba za su yarda da kiɗa ba. Nan ma akwai su, kuma ba a ja da su. Wani uba ɗan Somaliya ya ce a ajiye jitar, aka ajiye. Ya rungume ɗansa yana karanta masa gajerun surori ƙasa-ƙasa, aiki ya tafi lafiya lau.

Abin yana da iyaka, kuma ba na so ki ji daga bakina cewa waƙa magani ce. Yaron da sikila ta tasar masa maganin kashe raɗaɗi yake buƙata, cikin gaggawa, waƙa ta biyo baya. Binciken ma yawancinsa a kan yara ƙalilan aka yi. Akwai yaran da sauti ke ƙara firgita su, musamman masu galahanga. Ɗakin bakwaini kuwa, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada ƙara ta wuce desibel 45, don haka kunna rediyo kusa da kwalabar jarirai cutarwa ce.

Abin da ke ci mini rai, Yaya, shi ne abin da muka saba a gida. Uwa ta kawo ɗanta, mu ce ta fita waje don kada ta hana mu aiki, mu kira masinja ya danne ƙafafu. A gida kuma, in yaro ya ƙi cin tuwo, a ce za a kira likita ya yi masa allura. Yaro mai sikila da zai yi ta zarya asibiti tsawon rayuwarsa, a ƙasar da ta fi kowace ƙasa yawan waɗanda ake haifa da ciwon, yana tasowa da tsoron inda ceton ransa yake. Na san cunkoson ranar rigakafi, na san nas ɗaya ce a kan layin da ya kai bakin ƙofa. Amma tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar uwa ta riƙe jaririnta, ta ba shi nono lokacin allurar ko dab da ita. Wannan bai ƙara minti ɗaya a kan aiki ba.

Ki gwada a ranar rigakafi mai zuwa, ko a layi ɗaya ne. Ki ce wa uwa ta zauna, ta sa shi a nono, ta yi masa abin da take yi masa in zai yi barci. In kunya ta hana ta, kaka ko goggo ta karɓa. Ki rubuto mini yadda kuka ƙare, har da abin da sauran nas-nas suka ce.

Sai kuma wata alfarma: in kin je gida, ki ɗaukar mini muryar Goggo a waya tana waƙoƙin rainon da ta yi mana, ki turo ta WhatsApp. Surukar 'yar Zariyan nan za ta koma gida bayan wata mai kamawa, kuma yaron yana da ƙarin jini a gaba.

Ki gaishe da Yaya Malam da yara, ki ce wa Inna saƙon kuka da daddawa ya iso.

Taki ƙanwa.