Ƙura A Kafar Iyafis

A nan Birnin Gwari, in hunturu ya kama, ƙura ba ta barin ko kafar iyafis ta kwamfutar tafi-da-gidanka. A cikin kafar akwai 'yan ƙarafa masu kai sauti kunne. In datti ya rufe su, sai shiru.

Haka ya sami kwamfutar da muke koyon furucin Turanci da ita, ga jarrabawa ta ƙarato. Har an fara shawarar kai ta Kaduna, tafiyar fiye da kilomita 100. Na gwada iyafis ɗin a wayar malaminmu, lafiya lau. Sai na kashe kwamfutar, na share kafar da tsinken sakace a hankali. Da kunnawa, murya ta dawo.

'Yan'uwana ɗalibai, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.