Ranar Da Garina Ya Ƙare

Yau labarin kunyar da na sha zan ba ku, ko wata ta tsira daga irinta.

Shekarar da aka kawo ni gidan miji, maigida yakan ba ni kuɗin cefane ran Asabar, na mako ɗungum. Ni kuwa ga ƙuruciya, ga sakin hannu. Asabar shinkafa da nama, Lahadi haka, Litinin ma haka. Wata Alhamis da la'asar sai ga yaro ya shigo, wai Malam ya ce baƙi uku za su kwana. Na duba, gari bai kai rabin mudu ba, daddawa ko ɗaya babu. Tilas na aika maƙwabta rance. Tuwo dai ya fita zaure, amma ni ko loma ban iya kaiwa baki ba.

Da gari ya waye sai uwar mijina ta kira ni ɗakinta. Na durƙusa ina jiran faɗa. Sai ta ce, "'Yar nan, da alayyafo da kuka, wanne ya fi saurin lalacewa?" Na ce, "Alayyafo, Inna." Ta ce, "To, da shi za ki fara."

Tun daga ran nan da wannan nake jera kwanakina. Asabar da Lahadi na ɗanyen kaya ne, watau alayyafo, da ɗanyar kuɓewa, da tumatir tun bai ruɓe ba. Kabewa tana da haƙuri muddin ba a fasa ta ba, saboda haka taushe sai Litinin, sauranta kuma Talata. Laraba wake da shinkafa, wanda ba ruwansa da nama, mai da yaji sun ishe shi. Alhamis kuka ko busasshiyar kuɓewa, su da ko wata guda suka yi a rufe ba abin da zai same su. Nama kuwa ranar da aka sayo nake soye shi sarai in kasa shi, na Juma'a in ɓoye inda ni kaina sai na taka kujera nake kaiwa. Kana in ware gari mudu guda na baƙo, ba mai taɓa shi.

Yanzu 'yata ta makaranta ce ke rubuta mini jerin a bayan littafinta kowace Juma'a da dare. Kullum sai ta saka shinkafa da nama sau uku, ni kuma in karɓi fensir in soke biyu.